Ranar da Ka Ce In Dakata da Daka

Gargaɗi kafin komai: ka cire abin nan daga kunnenka, duka biyun, sannan ka karanta. Kada ka buɗe takardar nan a shago a gaban masu kawo gyara. Kada ka karanta ta a tsaye kamar mai duba saƙon waya. Kuma na haɗa ka da Allah, kada ka ɗauki hotonta ka tura wa mutanen zaurenku su zauna suna yi mata sharhi. Ba tasu ba ce. Taka ce kai kaɗai.

Assalamu alaikum, ya maigidana, Baban Fiddausi, inuwar ɗorawata a tsakiyar rana, ruwan farkon damina a kan busasshiyar gonata, sanyin idona, zumar da ban taɓa ƙoshi da ita ba! Ya wanda in na ji tsayuwar babur ɗinsa a ƙofar gida zuciyata take riga ƙafata tashi, har yau, bayan 'ya'ya, bayan furfurar da na fara ɓoyewa a ƙarƙashin ɗankwali! Ina gaishe ka gaisuwar da ta fi ruwan Tiga faɗi, ta fi duwatsun Doguwa tsayuwa. Na zaɓi in rubuto maka ne, alhali ɗaki ɗaya muke kwana, domin na lura idonka bai toshe ba tukuna. Kunnen ne na rasa.

Ka tuna Burumburum? Ka tuna ranar da Baffa ya kira ka ka duba masa injin ban-ruwa, gidanmu cike da 'yan biki, mu 'yan mata muna luguden geron fura a bayan danga? An ce ka tsaya da sifana a hannu, baƙin mai har gwiwar hannu, ka manta da injin, ka manta da Baffa da yake tsaye a kanka yana jira. Da ka fara zuwa zance, ka faɗa mini maganar da na ɗauka na ajiye a inda ɓarawo ba ya kaiwa. Ka ce: "Ko an ɗaure mini ido, an jera 'yan matan garin nan kaf, zan fitar da taɓaryarki. Su daka suke yi, ke magana kike yi." Na ja mayafi na rufe fuska don kada ka ga dariyata, amma wallahi a ranar na gama zama taka. Ban ga gidanka ba, ban san abin da ka mallaka ba. Na ga mutumin da ya ji ni a cikin taro, na ce wannan ba zai taɓa barina in yi magana da bango ba.

Da aka kawo ni Tudun Wada, Inna mahaifiyarka, Allah ya haskaka kabarinta, ta zauna a kan tabarma tana sauraron dakana. Da na gama, ta sa aka mirgino mini tsohon turminta na ƙirya, wanda bakinsa ya tsage maƙeri ya ɗaure shi da ƙarfe. Ta ce: "Ungo, 'yar nan. Wannan shi ya yi rainon mijinki. Yana goye a bayana yake barci da ƙararsa, in na tsaya ya farka ya tsala ihu." Tun daga ranar a cikinsa nake daka duk abin da ya shiga bakinka. Ka san salona, ko in ce ka taɓa saninsa: bugu biyu a ciki, ɗaya a baki inda ƙarfen yake amsawa, in cilla taɓarya sama in tafa in cafe. Shekara nawa kana dawowa da la'asar ka jingina da bango kana kaɗa ƙafa, kana ce mini makaɗiyar gidanka?

Sai ga shekarar nan da take ƙarewa ta zo mana da baƙo.

Da farko na ɗauka wayarka ce ta lalace. Kiɗa ne da babu makaɗi, babu fata, babu tsirkiya, babu ko baiti ɗaya da mutum zai ɗauki darasi a ciki. Ka ce mini a kwamfuta ake haɗa shi, ana yanko ƙara daga nan da can ana jerawa. Na ce to, mai gyaran inji ai dole ya so abin da ya yi kama da inji. Ban hana ka ba. Namijin da ba ya shaye-shaye, ba ya zaman banza a bakin titi, ba ya wasa da salla, in ya samu ɗan abin da yake huta kansa da shi, mace mai hankali ba ta tayar da ƙura. Daga nan ka sayo iyafis ka cusa a kunne. Daga nan ka shiga zauren nan na cikin waya da kuke kira Zauren Masu Kunne, inda ka ce akwai na Zariya, akwai na Damagaram, akwai na Kumasi, har da wani direba a Jidda, kuna tura wa juna kiɗa, kuna musu a kan wanda ya fi wani nauyi, kuna kiran juna 'yan'uwa alhali ba wanda ya taɓa shan ruwan gidan wani.

Ka bar ni in faɗa maka gaskiya, domin in ban faɗa ba babu mai faɗa. Ka san wanda aka yi wa haihuwa a Kumasi, ba ka san ranar da haƙorin autanmu ya fita ba. Malam Inuwa liman ya yi maka sallama a bakin hanya har ya gaji, ka wuce kana gyaɗa kai kai kaɗai. Washegari ya turo matarsa ta tambaye ni a asirce ko ciwon kunne kake fama da shi, wai yana da magani. Da wane baki zan ce mata lafiyarka ƙalau? Ni da nake dukan yara a kan su amsa gaisuwar manya, me zan ce musu in sun ga ubansu? Uba madubi ne a gida, ko ya so ko bai so ba. Abin da ya yi da rana shi yara za su yi da shekaru.

Duk da haka na yi shiru, saboda abin da ya same mu a tsakiyar damina. Da Inna ta rasu na ga yadda ka zama kamar gonar da ambaliya ta bi ta kanta. Ba ka yi kuka a gaban kowa ba. Ni ma na kife turmin a kwanakin makoki, gidan ya yi tsit, na koma kai niƙa inji. Da na ɗaga turmin na ci gaba da daka, na ɗauka ƙararsa za ta dawo mini da kai bakin bango. Ba ka zo ba. Kana zaune a ƙarƙashin darbejiya, ido a rufe, kunne a toshe, wani lokaci in ga laɓɓanka suna rawa. Na ce a raina: bar shi, maraici ba ya duba shekaru, in wannan abin yana rage masa zafi, Allah ya sa ya rage.

Sai makon jiya. Kana zaune a tsakar gida bayan la'asar, ina tankaɗe a bayanka, ka ɗaga waya kana yi wa zaurenku saƙon murya na ƙarshen shekara, kamar yadda ka ce kowa yana yi. Ka gyara murya irin wadda rabon da ka yi mini magana da ita na manta. Na haddace abin da ka ce, domin kishi ya fi kowane malami iya koyar da hadda:

"'Yan'uwa Masu Kunne, shekara ta zo ƙarshe. Na ji kiɗa iri-iri a bana, na Turai, na Afirka ta Kudu, na yaranmu na nan gida. Wasu sun wuce kamar iska, wasu mun yi ta faɗa a kansu, wanda na ɓata wa rai ya yafe mini. Amma wanda 'yar'uwarmu Khairat ta Kaduna ta haɗa, shi ya riƙe ni lokacin da na rasa mahaifiyata. Ban san me ke cikinsa ba. Akwai wani bugu mai nauyi, da wani ɗan ƙarfe da yake amsa masa, da wani numfashi can ƙasa-ƙasa. In na ji shi sai in ji kamar an goya ni. Allah ya yi wa hannun Khairat albarka."

Hannun Khairat! Rariya ta suɓuce mini, gari ya zube a zanina, ba ka ko waiwayo ba. Hannun Khairat, ya hasken gidana? Hannun wa ya riƙe kanka ranar da aka fita da Inna? Hannun wa ya dama maka kunun da ka ƙi sha, ya sake damawa, ya sake, har ka karɓa? Hannun wa ya yi kanta, ya tsattsage da sanyi, ya ƙone a bakin murhu, ba a taɓa tara mutanen ƙasa huɗu an sa masa albarka ba? Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado ina jin wani abu yana cin ƙirjina kamar gara a cikin azara. Ban san ta ba. Ban san ko doguwa ce ko gajera, budurwa ce ko matar wani. Da a unguwar nan take da na san ƙofar gidansu, da na san abin da zan gaya wa uwarta. To ina zan je in yi sallama da macen da take zaune a cikin kunnen mijina?

Allah da ikonsa, sai jar akuyarmu ta shiga maganar. Ta samu iyafis ɗinka a kan tabarma ta tauna shi kamar ɓawon rake. Ka yi ta faɗa, ni kuwa ban taɓa son dabba kamar ranar ba. Har dusa na ƙara mata. Kafin ka sayo wani, dole ka kunna kiɗan a sifika, a fili, karo na farko tun da aka haɗa shi. Ina wanke-wanke a bakin rijiya. Na ce bari in ji wannan abin da ya fi ni.

Da farko wani gurnani ne kamar injin niƙa daga nesa, da wasu ƙararraki kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Sai bugun ya shigo. Biyu a ciki, ɗaya a baki. Ɗan ƙarfe ya amsa. Aka yi shiru na ƙiftawar ido, aka tafa, bugun ya dawo.

Baban Fiddausi, kwanon da yake hannuna ya nutse a ruwa ban sani ba. Turmin Inna ne. Tsagar bakinsa ce, ƙarfen maƙerin nan ne da yake ɗan karkarwa in an same shi ta gefen hagu. Tafina ne. Numfashin nan kuwa da ka ce yana can ƙasa-ƙasa, wanda ka kasa gane ko na mene ne, nishina ne in na ɗaga taɓarya. Numfashin da yake kwana kusa da kunnenka tun kana ango mai baƙin gashi!

Nan take na tuna yadda aka yi. Kafin faɗuwar damina, wata rana ina dakan gero, ka tsaya a kaina kana yi wa zaurenku dogon saƙo, kuna gardama a kan wace sifika ce ta fi fitar da ƙara. Har na ce ka matsa zauren gida kada ƙaiƙayi ya shiga maka ido, ka ɗaga mini hannu ka ce saƙo ne kawai. Ashe dakana ya bi bayan muryarka ya tafi Kaduna. Ita kuma ta zubar da gardamarka, ta tsince abin da yake bayanta, ta wanke shi, ta yi masa ado da ƙarar na'ura, ta dawo muku da shi. Kuka yi ta tafi. Kai ka fi kowa.

Ban gaya maka ba. Na ce ba zan faɗa da baki ba, mutumin da ya yi mini alkawari a Burumburum zai gane da kansa. Kai ne fa wanda manoma suke ɗauko wa inji tun daga Yako da Dangora, ka kara kunne kawai ka ce ga inda ciwon yake tun ba ka kwance ƙusa ɗaya ba. Washegari da la'asar ka kunna kiɗan, na jawo turmin kusa da kai fiye da kullum, na zuba gero, na jira bugun ya zagayo, na shiga. Na bi shi bugu da bugu. Inda ya tafa na tafa. Inda ƙarfensa ya amsa nawa ya amsa. Tsakar gidan nan ta zama kamar turmi biyu ne suke lugude, ni da ni. Zuciyata tana bugawa kamar ta amarya, ina satar kallonka, ina cewa yanzu zai ɗago, yanzu zai buɗe baki, yanzu zai ce, ashe ke ce!

Ka ɗago. Ka yamutsa fuska. Ka ce: "Maman Fiddausi, don Allah ki ɗan dakata da dakan nan, kina ɓata mini kiɗa."

Na dakata. Ka ga ai na dakata. Na jingine taɓarya, na rufe geron da faifai, na shiga madafi na tsaya ina kallon hayaƙi don in samu abin da zan ɗora wa laifin hawayena. Wayyo ni, ya ruwan sanyin ƙishina! Wace irin mace ce take kishi da hannunta? Wa zan kai wa ƙara? In ce an raba ni da mijina, a ce wa ya raba ku, in ce ni ce, amma ni ta cikin waya? Ta cikin wayar ba ta tsufa, ba ta gajiya, ba ta tambayar cefane, ba ta yi maka faɗa a kan yara. In ka danna ta fara, in ka danna ta yi shiru. Ni kuwa mai jini ce, mai baki, mai tsawa in an yi ba daidai ba. Shi ya sa ka zaɓe ta? Ka ɗauki sautina ka bar ni, kamar wanda ya tsotse rake ya tofar?

Ita Khairat, ina da magana a kanta kashi biyu, kuma duka gaskiya ne. Ba daidai ba ne mutum ya ɗauki sautin gidan wani ba sallama, ba izini. Numfashin matar aure ba abin yawo ba ne a wayoyin mazan Kumasi da Jidda, kuma duk 'yar da aka yi wa tarbiyya ta san haka. In da 'yata ce da ta ji daga gare ni. Amma ga ɗaya kashin, wanda ya fi ƙona ni: yarinyar da ba ta taɓa ganina ba, daga wani gari, ta cikin hayaniyar saƙon da ba nata ba, ta ji abin da kai ka daina ji kana zaune taku kaɗan daga gare shi. Ita ta tsaya kamar yadda ka taɓa tsayawa da sifana a hannu. Ina jin haushinta, kuma ina jin kunyar cewa ita ce ta tuna mini ni makaɗiya ce.

Yanzu ga shi Asabar ɗin nan kuna da taron ƙarshen shekara a Kano, za ku ga juna ido da ido. Ka sa na goge maka shuɗiyar shaddarka, wadda ba ka sawa sai Salla. Na goge, har da turare. Na kuma ga kwalbar zumar Doguwa da ka ɓoye a bayan buhun masara, irin wadda kake kawo mini duk lokacin da na haihu, na san kuma ba tawa ba ce a wannan karon. A aljihun shaddar za ka sami takardar nan.

Ba zan ce kada ka je ba; ban isa ba, kuma ba haka aka rene ni ba. Ka je. Ka ba ta zumar, ta yi aiki, na yarda ta iya. Amma ina roƙonka abu biyu, roƙon wadda ba ta da wani a duniya sai kai. In aka kunna kiɗan a taron, ka miƙe tsaye ka gaya musu daga inda ya fito. Kada ka ambaci sunana a gaban maza. Ka ce kawai: turmin mahaifiyata ne, hannun matata ne. Sannan ka ce wa Khairat, cikin mutunci, ta bar bugun, ta bar ƙarfen, ta bar tafin in tana so, amma ta cire numfashin. Wannan ba na zaure ba ne. Naka ne.

Abdulhadi. Ka ga na rubuta sunan da bakina bai taɓa furtawa ba. Abdulhadi, ka ce in ka ji kiɗan sai ka ji kamar an goya ka. Ai goya ka aka yi. Ba na'ura ce ta riƙe ka a daminar nan ba, ba Kaduna ba ce, ba zaure ba ne. Turmin da ka yi barci da ƙararsa a bayan Inna ne ya biyo ka har cikin kunne, da ya ga ka gudu daga tsakar gida. Ka yi ta neman mahaifiyarka a cikin waya, alhali abin da ta bar maka yana nan a gindin bango, da wadda ta damƙa wa shi. Ba ta bar wa Khairat kai ba. Ni ta bar wa.

Ka dawo mini, ya tauraron asubata, ya ƙanshin ƙasa bayan ruwa. Ka dawo da kunnenka duka biyu. In shekara ta ƙare mutum yana lissafin abin da ya ji, to ni ga nawa lissafin: na ji kukan jariran maƙwabta, na ji tsawar damina, na ji salatin mata ranar rasuwar Inna, na ji ka sa wa wata albarka. Abu ɗaya ne ban ji ba a bana, shi ne ƙafarka tana kaɗawa a bakin bango. Shi nake nema a shekara mai zuwa. Ni kuwa, ko ka ji ni ko ba ka ji ba, ina nan inda Inna ta ajiye ni. Ba zan daka wa wani ba, ba zan tafa wa wani ba, har ranar da hannun nan zai kasa ɗaga taɓarya, har ranar da za a kife turmin saboda ni.

Taka, jiya da yau da ranar da ba mu gani ba tukuna,
Safara'u.

Saura magana ɗaya, kuma wannan ba roƙo ba ce. Waje naka ne, shago naka ne, zaure naka ne, amma tsakar gida tawa ce. Na rataye ƙwarya a ƙofar madafi. Daga ranar da ka dawo daga Kano, in an sallame la'asar, duk wayar da take gidan nan a cikinta za ta zauna har a kira magariba, taka ce farko don yara su gani. Iyafis kuwa a zauren gida zai tsaya, in ya shigo na bar shi da akuya. Na ajiye maka kujera a gindin bango. Mai son kiɗa a gidan nan ya zo ya zauna kusa da turmi. Wanda kuma ya sake cewa in dakata, shi zai ƙarasa dakan.